Mai Gadin Madatsar Arzika

Sunana Nomau. Aikina gadin bango,
bangon ƙasa da Alhaji Arzika ya tsayar a bayan Dakingari,
taku ɗari da ashirin, da ƙafata na auna.
Lakar tifa ce, ba sisin gwamnati a ciki.
Ya gina don shinkafarsa ta daina nutsewa,
sai Tungar Labbo ta samu barci a ƙarƙashinsa,
gida talatin, da masallaci, da injin niƙa,
duk sun ba bango baya, sun manta akwai ruwa.

Ni ban manta ba.
Ina da gora mai tsaga bakwai a kafe cikin tafki.
Tsaga ta huɗu, in sha fura in kwanta.
Ta biyar, in kwanta da takalmi.
Ta shida ban taɓa gani ba sai bana,
ran Laraba, bayan kwana uku sama na zubarwa.

Bango da raɗa yake fara faɗuwa.
Gafiya ta yi ɗaki a ƙugunsa,
gara ta share hanya, saiwar bagaruwa ta bi.
Na tsuguna a gindi na tari abin da ke tsattsafowa a tafin hannu.
Da fari ne, da na ce gumi ne, kowane bango na yi.
Jajir ya fito, da kauri kamar kunu.
Bangon ne ke ficewa ta cikin kansa,
cokali-cokali, yana bin ruwa.

Mafitar da magini ya bari a gefe,
ɗan Alhaji ya toshe ta da buhu sittin tun bazara,
wai tarwaɗarsa na tserewa.
Na kira Birnin Kebbi, waya ta yi kuka har ta gaji.
Na sake. "Nomau, injiniya na zuwa ran Asabar.
Kada ka taɓa buhunan nan, kuɗi ne ke iyo a ciki."
Na ce, ranka ya daɗe, Asabar ɗin an gaya wa hadari?
Sai shiru. Ko shi ya kashe, ko layi ne ya yi tsinkewa.

Tumba ta ce, albashin nan shi ne gishirinmu.
Na ce, ƙanwarki na Tunga da jaririn sati biyu.
Ba ta ƙara ba. Ta miƙo mini tocila da fartanya,
ta ɗaure zane ta gangara tana buga ƙofofi.

Buhun farko ya ƙi, kamar ya san na wane ne.
Na farke cikinsa. Na biyu, na goma,
samari biyu na gidan Labbo suka iso da igiya,
laka har ƙugu, sauro har cikin kunne.
Wajen asalatu mafita ta buɗe baki,
ruwa ya bi ƙofar da aka yi dominsa,
tarwaɗa na dukan ƙwaurina suna wucewa,
ina jin kuɗin Alhaji na santsi a fatata.

Da hantsi gora ta nuna tsaga ta biyar.
Da la'asar, huɗu da rabi, yoyon gindi ya fara washewa.
Tunga ta ci kifi kwana uku, har da na kyafewa,
a kwarin gero aka tsince su, ba wanda ya tambayi mai su.

Asabar ta zo, injiniya bai zo ba. Alhaji ya zo.
Ya hau bango da takalmin fata, ya daɗe yana kallon rufin Tunga,
yana ƙirga wani abu da leɓe,
ko kifi ne ko gidaje, ban sani ba.
Bai gaishe ni ba. Bai kuma karɓi makullin ɗakin gadi ba.

Ramin gafiya na nan. Na cusa masa laka da dutse,
na san kuwa lakar hannu ba magani ba ce.
Damina da saura.
Takalmina na ƙafata, kunnena na ga ruwa.